Tambayi Likita: In kai ta Ibadan gwajin maganin kansa, ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a Daura. Bara aka gano iyalina tana da ciwon dajin mama. An yi mata aiki, yanzu muna zirga-zirgar Katsina ana yi mata allurar kemo, wato ta kashe ƙwayoyin ciwon daji, duk bayan sati uku. Na sayar da gonar gado da babur, saura gidan da muke ciki. Ƙanena da ke bautar ƙasa a Ibadan ya ce ya ji ana gwajin sabon magani a can, kuma wanda ya shiga ba ya biyan ko sisi. Da na kai maganar gaban surukata sai ta ce sam, ba za a mai da 'yarta zakaran gwajin dafi ba, ko mun manta abin da aka yi wa yaran Kano? Likita, wa zan bi? Kuma in abin kirki ne, me ya sa ba a kawo mana shi kusa ba? Daga wani bawan Allah, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba mai ɗakinka lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya mayar maka da alheri.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya masu gwaji ake yi. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Don haka kada ka je wa surukarka da musu. Ka ce mata ta yi gaskiya, sannan ka faɗa mata abin da ya sauya.

Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, da kwamitin ƙasa mai sa ido a kai. Kafin a ba mutum ɗaya ƙwaya ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, sai NAFDAC ta ba da izini. Dole a yi wa majiyyaci bayani da yaren da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala da yardarsa, kuma yana da ikon fita ranar da ya ga dama ba tare da an daina duba shi ba. A manyan gwaje-gwaje kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, wasu su samu sabon magani, wasu su samu mafi kyawun wanda ake da shi yanzu. Ba a barin mai kansa da ruwan banza alhali akwai maganin da aka san yana aiki. Takarda dai ba ta hana mugun mutum mugunta, shi ya sa nake so ku riƙa tambaya: wa ke ɗaukar nauyin binciken, wane kwamiti ya amince, wa zai biya idan maganin ya yi illa, kuma in an gama gwajin wa zai ci gaba da ba ta magani? Mai binciken gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Sai dai, Malam, gwaji ba gidauniyar taimako ba ce. Kowane gwaji tambaya ɗaya yake son amsawa, saboda haka irin majiyyacin da yake nema a ƙayyade yake. Ɗauki wanda ake kira ARETTA, da aka yi a asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas da Ile-Ife. Matan da ciwonsu ke ɗauke da alamar HER2 ya nema, waɗanda ciwon bai bazu ba, kuma ba a yi masu aiki ba tukuna, domin so ake a ga yadda ƙullutun zai narke da magani kafin wuƙa. Macen da aka riga aka yi wa aiki ta fara kemo ba ta shiga irin wannan, ko da ta kwana a bakin ƙofar asibitin. Kada ka sayar da gida ka ɗauki mara lafiya zuwa Ibadan a kan "an ce". Abin da na fi jin tsoro kuma shi ne a tsallake allura ana jiran kira daga kudu. Kemo da tazararsa yake aiki, kada ku fasa ko zuwa ɗaya.

Ranar asibiti mai zuwa ka tambayi likitanta ko an auna tsokar da aka cire don gano alamomin nan uku, ER da PR da HER2. Su ke faɗin irin ciwon, su ke faɗin maganin da zai biyo bayan kemo, kuma ba gwajin da zai karɓe ta ba tare da su ba. Ka ɗauki hoton sakamakon, ka adana kwafi a gida. Sannan ka ce masa kai tsaye: "Likita, akwai binciken da ya dace da ita?" Shi zai iya kiran takwaransa a Ibadan ko Zariya ya ji, ba sai kun motsa ba. Batun kuɗi kuwa, ka tambayi ofishin jin ƙai na asibiti game da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi, wanda ya shafi ciwon mama da na bakin mahaifa da na prostate, wato 'yar tsokar da ke ƙasan mafitsarar maza. Da asibitoci shida aka fara shi, ciki har da na Shika a Zariya.

Wani abu kuma, ka yi haƙuri da ni. A wasiƙarka na ji ra'ayin ƙanenka, na ji na Hajiya, ban ji na mai jikin ba. Ita za a huda, ita za ta yi amai, hannunta ne doka ke nema a takardar. A ɗakin duba marasa lafiya sau da yawa nakan tambayi mace, miji ya amsa. Ku zauna da ita.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi ci mani rai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu kansa kusan 128,000 a Najeriya a shekara, mace-mace kusan 80,000. Amma ɗan gwajin da ake yi ya fi taruwa a kudu maso yamma. Matar Baure ko Mai'adua ko Zango, wadda zuwa Katsina ma sai an yi karo-karo, an cire ta tun kafin a rubuta sharuɗɗa. Wasu za su ce to ai ta huta. Ni ban yarda ba. Magungunan da muke ba ta, mafi yawansu a jikin Turawa aka auna su. Ga misali: yawancin mutanen Afirka ta Yamma an halicce mu ba mu da wata alama a jini da ake kira Duffy, kuma hakan kan sa adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininmu ya fito ƙasa a awo, alhali lafiyarmu ƙalau. Ma'aunin da aka shata da jinin Bature sai ya ce jininta ya yi ƙasa, a ɗage mata kemo ko a hana ta shiga gwaji. Haka aka daɗe ana ware masu ciwon hanta nau'in B da masu HIV, ga shi ciwon hanta ya yi mana yawa. Sai a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da jagorar sassauta wannan. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta na Ibadan ya nuna matanmu sun fi kamuwa da nau'in ciwon mama mai zafi, wanda ba ya ɗauke da ko ɗaya daga alamomin nan uku, kuma da ƙuruciya. In ba a auna a jikinmu ba, da kintace za a ci gaba da yi mana magani.

Amurka ma ta sha wannan matsala. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu kansa a can a asibitocin gari ake duba su, ba a manyan cibiyoyin jami'a ba, kuma ko mutum 1 cikin 10 na manya ba ya shiga gwaji. Sai cibiyar kansa ta ƙasarsu ta daina jiran majiyyaci ya zo, ta kai gwajin asibitin garinsu. Tun 1983 suka fara, a 2014 suka sake fasalin shirin da sunan NCORP, da rassa na musamman don baƙaƙen fata da mutanen karkara.

Ba abin da ya hana mu yin haka. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma muna da cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa, NICRAT, a Abuja. Amma mai kawo gwaji ba gini yake fara dubawa ba. Yana duba ko sakamakon tsoka na fitowa a kan lokaci, ko fayil ba ya ɓata, ko firjin magani ba ya mutuwa in an ɗauke wuta, ko akwai nas ɗin da aikinta kawai bin sawun majiyyata a waya. Ni zan ƙara biyu: a biya wa majiyyaci da mai jinya kuɗin mota, sannan takardar amincewa ta zo da Hausa, boko da ajami, har da murya a waya don wadda ba ta karatu ta saurara a gida tare da mahaifiyarta. Awon jini na tsakanin allura kuwa ba dalilin da zai hana a yi shi a Daura a tura sakamako. Ka kai wannan magana ga ɗan majalisarku in ya zo gida da salla.

Tambaya: Likita, wani a Facebook yana tallar maganin gargajiya na kansa, ya ce an gwada a kan mutum ɗari duk sun warke, kuma yana da lambar NAFDAC. In saya wa babana? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: 'Yata, kada ki saya. Lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba a ciki ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ba raina itatuwa nake ba, domin vincristine da paclitaxel da muke sa wa a kemo daga tsirrai aka samo su, amma sai da aka auna su a asibiti aka san adadin da ke kashe ciwo da wanda ke kashe mutum. Ki tambaye shi a wane asibiti aka yi gwajin, da lambar rajistarsa a kundin gwaje-gwajen magani na Afirka. In Baba ya riga ya fara sha, ki kai kwalbar wa likitansa, don wasu jiƙe-jiƙen na wahalar da hanta da ƙoda, kuma su ne ke tace kemo.