Amsa: Yadda ake ƙarasa shan kwana a wasan sululu kan ƙanƙara

Malam, ka ce kana shiga kwana lafiya, amma da allunan sululun da ke ƙafafunka sun kalli gangara sai gudu ya ƙwace maka. Ni ma na sha wannan a shekarata ta farko a tsaunukan Ostiriya, faɗuwa kam ba a magana.

Matsalar ita ce kana katse kwanar a tsakiya. Da ka wuce inda allunan ke kallon gangara kai tsaye, ɗora kusan dukkan nauyinka a kan ƙafar waje. Idan hagu kake karkatawa, ƙafar dama ce ke aikin. Ƙwaurinka ya riƙa danna gaban takalmin. Tsoro zai ce ka koma baya ko ka jingina da tsauni, kada ka saurare shi, daga nan ne allon ke subucewa.

Ƙirjinka ya ci gaba da kallon gangara, ƙafafu kaɗai ke juyawa. Ka bar allunan su ratsa gangaren har ka ji gudun ya lafa da kansa, sannan ka buɗe wata kwanar.

Gwada a hanya mai shuɗin alama, wato mai sauƙin gangara, kana ɗan ɗaga bayan allon ciki, wato na ɓangaren da kake karkatawa. In ka kasa ɗagawa, to nauyinka bai koma waje ba tukuna.