Amsa ga mai jaririn da aka ce sankarau ne

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki hawaye na zubo min. Kin ce jaririnki kwana 9, likita ya ce sankarau ne, kina tambaya ta ina cuta ta bi ta shiga ƙwaƙwalwar yaron da ko ƙofar ɗaki bai taɓa leƙawa ba, ga dangin miji sun hana a ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gwaji. Ni ma ta nan na biyo, shekara huɗu ke nan. Sannu, Allah ya ba shi lafiya.

Nawa washegarin suna ya fara. Ya ƙi kama nono, in ya yi kuka sai wata siririyar murya kamar ta kyanwa. Jikinsa ko zafi babu, sanyi ƙalau, abin da ya yaudare mu ke nan. Na ce a kai shi asibiti, uwar mijina ta ce rawar kan ɗan fari ce ke damuna, hayaniyar suna ce ta gajiyar da shi. Aka aika kemis, mutumin ko ganin yaron bai yi ba ya miƙo kwalbar maganin zazzaɓi. Kwana biyu cur! Ina shafa maɗigarsa ina jin ta kumbura ta yi tauri, in na faɗa sai a ce yaushe na haihu da zan koya wa manya raino. Dare na biyu wajen ƙarfe uku ya fara jijjiga, idanu sun kafe sama, uwar mijina kuma ta ɗebo garwashi za ta yi hayaƙi. Ban san sanda na fizge shi na yi titi ba, ko takalmi babu. Har gobe ina durƙusawa in gaishe ta, amma Allah ya san abin da ke raina. Can asibiti ma wata nas ta balbale ni da faɗa, wai na zauna da yaro har ya kai haka. Ni?

To, amsar tambayarki. Wani matashin likita ne ya zana min a bayan kati cikin dare. Wannan daban yake da sankarau ɗin bazara da ake ɗauka ta numfashi, wanda ake mana allurar rigakafi. Na jarirai yawanci bakteriyar da suke kira GBS ce ko E. coli, wani lokaci Listeria. Biyun farko suna zaune a hanjin mata da yawa da gabansu, yawanci ba sa yi musu komai, don haka kar wani ya ce miki ƙazantarki ce. Wajen haihuwa yaro ke shaƙa ko ya haɗiya, musamman in faya ta fashe aka wuce awa 18 ba a sauka ba, ko uwa ta yi zazzaɓi cikin naƙuda. Wani kuma daga baya yake samu, ta cibiya ko hannun masu ɗauka.

Sai ƙwayar cutar ta fara shiga jini ta hayayyafa tukuna. Garkuwar jariri aro ce daga uwa a watannin ƙarshe na ciki, shi ya sa bakwaini ya fi shiga haɗari. Ita E. coli ɗin har wata riga ta sukari gare ta mai suna K1, mai kama da wani abu na jikin ɗan Adam, sai garkuwa ta kasa gane baƙuwa ce. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kuwa Allah ya yi bangonsu a manne kamar bulo da siminti, ba tsaga. Amma in ƙwayoyin sun yi yawa a jini sai su liƙe a bangon, su sa shi ya haɗiye su da kansa, su ɓullo ta ciki da ransu. GBS har dafi take fitarwa mai raunana bangon. Listeria kuma laɓewa take cikin fararen ƙwayoyin jini su shiga da ita. Ruwan ƙwaƙwalwa ba shi da masu gadi sosai, nan da nan su cika shi, kumburi ya taso. Shi ne maɗigar da nake shafawa.

Katangar nan ita ke tare magani da yawa ma, shi ya sa na sha ba ya yi, sai allura ta jijiya. GBS aƙalla kwana 14, E. coli kwana 21. Mu 21 muka yi. Don Allah ko ya warware a kwana biyar kar ki bari a ce ku dawo gida, na ga wadda aka matsa wa ta sa hannu ta tafi.

Ruwan baya kuwa ki bari a ɗiba in likita ya ce jikinsa zai ɗauka. Ni ma an ce min zai gurgunce. Ƙasa da inda lakar ta ƙare ake sa allurar, kuma da ruwan ake gane wace ƙwaya ce. Ki tura maigida ya ji daga bakin likita da kunnensa, ke ba za su saurare ki ba, mai jego ba ta da baki a gidan miji. Ki ci abinci ko ba daɗi, ki riƙa tatsar nono kar ya ƙafe. Cibiya kuma a daina shafa mata tarkace, akwai kulohekzidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya. Ki je da zannuwa da yawa, sanyin asuba a ɗakin nan ba kyau.

Kafin sallama ki ce a gwada jin kunnensa, a riƙa auna girman kansa kuma. Ni ba wanda ya faɗa min, sai da ya shekara biyu muka gane kunnen hagu ba ya ji. Yana gudu, yana zuwa islamiyya, ta dama nake masa magana.

Ki turo min saƙo ta ciki, ba na barci da wuri. Yau ya kama nono kuwa?