'Yan sanda sun tafi da ɗana daga makaranta, ina zan fara?

Hajiya, tunda a makarantar gwamnati aka ɗauke shi ba a sanar da ke ba, fara da shugaban makarantar. Ya rubuta miki sunan jami'in, lambarsa, ofishin da ya fito da lokacin da suka zo. Nan ake yawan sakaci, sai iyaye su wuni suna yawo daga wannan caji ofis zuwa wancan.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, a birnin Kano kuwa ai ba uzuri. Beli kyauta ne.

In DPO, wato shugaban caji ofis ɗin da aka kai ɗanki, ya ƙi sauraronki, kai takardar koke hedikwatar 'yan sandan jihar Kano da ke Bompai, ki karɓi kwafi mai hatimi.