Faifan birki ya ƙi fita, in sa masa wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, ina da Camry ƙirar 2012. In na taka birki sai sitiyari ya kama rawa, shi ne na ce bari in canza faifan gaba da kaina a ƙofar gida. Na cire taya, na cire kalifa (ƙarfen da ke matse faifan) da fad (takalman birkin da ke gugar faifan), amma faifan ko gezau. Na doke shi da guduma har hannuna ya yi tsami. Maƙwabcina ya ce in gasa shi da wuta. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ajiye gudumar nan tukuna, wutar kuwa kada ka kusance ta. Boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, na nan a bayan faifan da giris ɗinsa, ga wayar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi), ga tiyon man birki na roba. Zafin da zai saki faifan zai iya tafiya da su gaba ɗaya.

Kafin komai, motar tana kan me? In jak kaɗai ke riƙe da ita, ka tsaya. Samo ƙafar ƙarfe ka ɗora ta a kai, ka sa waigi a tayoyin baya. Kalifan kuma ka rataye shi da waya a jikin sifirin, kada ya yi lilo a kan tiyonsa.

Ka ce ka cire kalifa, amma ba ka ambaci ƙarfen da kalifan ke zama a kai ba. Noti biyu ne manya ke riƙe da shi ta baya, a motarka sifana mai lamba 17 ke kama su. Muddin yana wurin, faifan ba shi da hanyar fita.

In ka cire shi kuma faifan bai motsa ba, to tsatsa ce. A Camry babu wani sukuru da ya ɗaure faifan, notocin taya ne kawai ke matse shi a kan cibiyar ƙafa, wato ƙarfen da taya ke hawa a kai. Iskar Jidda kuwa mai danshi ce da gishirin Bahar Maliya, tana shiga tsakanin ƙarfen biyu har su haɗe kamar an yi musu walda. Motar da ta yi zamanta a Riyad ba ta cika yin haka ba.

Share fuskar faifan, ka duba tsakanin ƙusoshin taya biyar ɗin. Za ka ga ƙananan ramuka biyu masu zare, suna fuskantar juna. Don irin wannan rana aka yi su. Je shagon kayan ƙarfe ka sayo bol biyu M8 (kaurin milimita 8), zare 1.25, masu ƙarfi. Fesa WD-40, man feshin da ke sassauta tsatsa, a cikin ramukan da kewayen cibiyar, ka ba shi kamar minti 20 ya jiƙa. Mayar da notin taya biyu, ka bar su sako-sako, don faifan in ya saki kada ya faɗo maka a yatsun ƙafa. Sai ka ɗaura bol ɗin da hannu har su taɓa ƙarfen cibiya. Daga nan rabin juyi a wannan, rabin juyi a wancan, bi da bi. In ka matse ɗaya kaɗai faifan zai karkace ya ƙara cijewa, ko zaren ya cinye. Da ka ji sun yi tauri, ɗan ƙwanƙwasa tsakanin ƙusoshin da guduma, ka sake juyawa. Za ka ji ƙara ɗaya, ƙwas, jar ƙura ta zubo ƙasa. Shi ke nan ya saki. Ka kiyaye kawai gudumar kada ta sauka a kan ƙusa, don ƙusar da zarenta ya lalace sai an canza ta.

Ranar da za ka taɓa na baya, ka tuna a cikin faifan akwai lailin hambirki. Sai ka sauke hambirki, ka cire ɗan robar da ya toshe rami a fuskar faifan, ka sassauta ƙaramin giyan da ke ciki da sukudireba. In ka tura shi da bol ba ka yi haka ba, za ka tsinke sifirin ɗin ciki. Masu Honda kuma akwai sukuru a fuskar faifansu, sai da sukudireban da ake bugawa da guduma.

Akwai wurin da nake so ka fi ba lokaci. Rawar sitiyarin nan sau da yawa daga fuskar cibiya take farawa. In ka bar ɓawon tsatsa ko da kaurin takarda ne, sabon faifan zai zauna a karkace, fad ya riƙa cin gefe ɗaya, bayan 'yan watanni rawar ta dawo ka ce kayan jabu aka sayar maka. Goge ta da buroshin ƙarfe har ta yi haske, ka shafa man hana tsatsa kaɗan a da'irar tsakiya kawai. Sabon faifai yana zuwa da maiƙo, wanke shi da feshin wanke birki. A ganina, a canza na dama da na hagu tare da sabon fad ya fi a kai tsohon wurin masu gyaran fuskar faifai a Sina'iyya, unguwar makanikai, musamman in ya kusa kai lambar MIN TH (mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifan ya kai) da ke rubuce a jikinsa.

Notocin taya ka ɗaure su ta tsallake ɗaya, a 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Kafin ka saka giya, taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka, sannan ka gwada a hankali cikin layinku.