Shawarar lauya: Mahaifina ya ba makarantar likitanci gawarsa, shekara uku shiru

Tambaya: Barista, barka da aiki. A Amurka muke zaune. Kafin Baba ya rasu ya sa hannu a takardar ba da gawarsa ga wata makarantar likitanci domin ɗalibai su yi karatu a kanta. Raina bai so ba, amma ya ce jikinsa ne. An ce mana bayan shekara biyu za a miƙo mana abin da ya rage mu binne. Yau shekara uku ke nan, kullum na kira sai a ce za a neme ni. Tun da na ji labarin satar sassan gawarwaki a jami'ar Harvard na kasa barci. Zan iya karɓo shi? Zan iya kai ƙara?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Damuwarki tana kan hanya, kada kowa ya sa ki ji kamar kin cika naci.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Dokar da ke kula da wannan kyauta ita ce Uniform Anatomical Gift Act, wadda aka fara tsarawa a 1968 aka sake mata fasali a 2006, kuma kowace jiha tana aiki da wani nau'inta. A tsarin 2006, idan mutum ya yi kyautar da kansa yana cikin hankalinsa, iyalinsa ba su da ikon soke ta bayan rasuwarsa. Don haka "ban yarda ba tun farko" ba hujja ba ce a kotu.

Amma kyautar tana da iyaka, kuma ƙarfinki yana cikin takardar da Baba ya sa wa hannu. Nemo kwafinta, ki karanta ta layi-layi. Shekara nawa aka rubuta? Ya yarda a yi karatu kaɗai, ko har da bincike? Ya yarda a ajiye wani sashe na jikinsa har abada, ko a tura shi wata cibiya? Akwai akwatin da ya yi wa alama cewa a dawo da ragowar ga iyali? A kan wannan na ƙarshen ina so ki natsu sosai: makarantu da yawa ƙona ragowar suke yi su ba iyali toka, sai in an rubuta akasin haka. Idan binnewa aka yi muku alkawari da baki, takarda kuma ta ce wani abu dabam, yau ya kamata ki sani, ba ranar da za a miƙo miki ƙaramin akwati ba.

Daga nan ki daina dogaro da waya. Kira ba ya barin shaida. Rubuta wasiƙa zuwa ga daraktan shirin, da kwafi ga shugaban makarantar da ofishin lauyoyin jami'ar, ta wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa. Ki nemi lambar da aka ba gawar, inda take a yanzu, ko an taɓa fitar da ita ko wani sashenta daga ginin, da ranar da za a miƙa ta. Ki ba su kwana 30. Makarantar da ke riƙe da amana tana da rajistar da za ta amsa waɗannan cikin yini guda. Idan jami'ar ta gwamnatin jiha ce, dokar neman bayanan hukuma ta jihar ƙarin makami ce a hannunki.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne raunin sa ido. Dashen ƙoda da zuciya yana ƙarƙashin dokar tarayya tun 1984, amma gawar da aka bayar domin karatu babu wata hukumar tarayya da ke bin sawunta. Jihohi irin su Maryland da Florida suna da hukumar kula da gawarwakin karatu, wasu kuwa sun bar makarantu su duba kansu. A Ingila, bayan abin kunyar asibitin yara na Alder Hey, inda aka riƙa ajiye sassan jikin yaran da suka rasu ba da izinin iyayensu ba, an yi dokar 2004 aka kafa hukumar Human Tissue Authority mai ba da lasisi da zuwa dubawa. Rashin irin wannan ne ya sa Cedric Lodge, mai kula da ɗakin gawa na Harvard, ya yi shekaru daga 2018 yana kwashe kawuna da ƙwaƙwalwa da fata yana sayarwa kafin a gurfanar da shi a 2023. Ya amsa laifinsa a 2025. Wannan ba ya nufin haka aka yi wa Baba. Sau da yawa jinkiri ne da sakacin ofis. In wa'adinki ya cika shiru, ki kai koke ga hukumar jihar in akwai, ko ma'aikatar lafiya, ko ofishin babban lauyan jiha.

Batun ƙara kuwa, tana yiwuwa amma akwai tudu. Doka ba ta ɗaukar gawa a matsayin dukiya, sai dai ta amince cewa makusanta suna da haƙƙin karɓarta su yi mata sutura, kuma ana iya neman diyyar ƙuncin rai idan an wulaƙanta ta ko an saɓa yarjejeniya. Tudun shi ne dokar kyautar ta ba da kariya ga wanda ya yi aiki da kyakkyawar niyya. Da wannan kariyar aka kori ƙarar iyalai a kan Harvard a 2024, kafin kotun ƙolin jihar Massachusetts ta farfaɗo da ita a 2025. Wasiƙar da aka yi biris da ita tana daga cikin abin da ke karya da'awar kyakkyawar niyya, shi ya sa nake matsa miki ki rubuta.

Kada ki yi wasa da lokaci. Ƙara a kan hukumar gwamnati tana bukatar a fara miƙa sanarwar da'awa cikin ɗan gajeren wa'adi, a Kalifoniya wata 6 ne kacal. Ki ga lauya mai lasisi a jiharku cikin makon da kika aika wasiƙar, ki tafi masa da takardar Baba, takardar shaidar rasuwa, da ranakun duk kiran da kika yi da sunan wanda ya ɗauka.