Kunyar 'yar fari da shirun mahaifinki

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na daɗe riƙe da wayar kafin in iya amsawa. Kin ce aurenki ya matso, an ce ki je wurin mahaifinki tunda shi ne waliyyinki, alhali tun da ya rabu da mahaifiyarki kina ƙarama bai taɓa kiran sunanki ba, bai taɓa tambayar ajin da kike ba. Duk wanda kika kai wa kuka sai ya ce ai ke 'yar fari ce, kunya ce. Kina so in gaya miki ko haka al'ada ta ce. Mahaifinki ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba zan rufa masa ba.

Kunyar ɗan fari gaskiya ce, ni ma a cikinta na tashi. Kakanki har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Amma duk ranar da ya dawo daga fatauci, tsarabata ce ta fara fita daga jakarsa, sai dai ta hannun kakata za ta iso ni. Da na yi ƙyanda, an ce ya kwana a zaure bai runtsa ba, yana aiken yara su dubo ko na farka. Ranar da za a kai ni ɗakin miji, aka shiga da ni turakarsa in yi sallama, bakinsa na rawa ya ce in yi haƙuri, in ji tsoron Allah, sannan ya juya fuska. Mai kunya bakinsa ne a rufe, hannunsa da idonsa suna kanki. Abin da aka yi miki sakaci ne, aka lulluɓe shi da mayafin al'ada.

Addini ma bai ba shi mafaka ba. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, renon 'ya mace bayan rabuwa yana hannun uwa har ta yi aure ta tare, ci da sutura kuma suna wuyan uba duk tsawon lokacin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan Nana Faɗima ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. A nan ƙasar kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya karantar da nasa. Da ya rasu a 1817, 'yarsa Nana Asma'u ta ci gaba da koyarwa, ta riƙa aika jajis, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda ya fi damuna. Na ga 'yan mata da yawa da suka tashi agola ko a hannun riƙo, kuma nakan gane su a gidan miji. Wata ba ta iya tambayar ko kuɗin sabulu, domin tun tana ƙarama ta koyi cewa ita nauyi ce a gidan wani. Wata miji na yin shiru na yini ɗaya sai cikinta ya ɗuri ruwa, ta ɗauka tafiya zai yi. Wata kuma ana wulaƙanta ta ta zauna, ba don haƙuri ba, sai don ba ta da zauren da za ta yi yaji, wanda miji zai zo biko ya durƙusa a gaban uba yana jin nauyi. Mazan ma sun san wadda ke da gata. A saƙonki kin ce kina son yaron nan ne saboda yana kula da ke kamar uba. Wannan kalma ta tsaya mini a rai. Ki so shi a matsayin miji, 'yata. Idan kika ɗora masa bashin da wani ya ci, zai gaji, ke kuma ba za ki ƙoshi ba.

Batun waliyyi ba shi da wuya. Yana raye, shi ne a gaba, kuma bisa al'ada ma uba yakan wakilta ɗan'uwansa, don haka baffanki ne zai ba da ke ranar ɗaurin aure. Mijin mahaifiyarki da ya ci da ke ya biya miki makaranta, a sanar da shi komai tun kafin a sa rana, kada ya ji a bakin duniya.

Zuwa wurin mahaifinki kuwa, ki je, amma ba don ki karɓo izini kawai ba. Ki gaishe shi da ladabi, sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, ko da muryarki za ta yi rawa. Wataƙila ya sunkuyar da kai, wataƙila ya kawo uzuri, wataƙila ya ɗora wa mahaifiyarki laifi. Kada ki sa wa kanki dole ki yafe a ranar. Ni kaina ina da laifi, domin na ga yana nisa da ke shekara da shekaru na yi shiru don gudun ɓacin zumunci. Ki yafe mini wannan.

Zan shigo ranar Alhamis in sha Allahu, in kwana wurin mahaifiyarki. Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu tafi tare. Ni zan fara shiga in yi masa magana, ke ki jira ni a soro har in kira ki.