Daɓen gefen titi a unguwarmu: ta ina kuɗin Washington ke bi kafin ya iso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari kusa da Columbus a jihar Ohio. Tsakanin gidanmu da makarantar yarana bai kai mil ɗaya ba, amma babu daɓen masu tafiya a ƙasa a gefen titin, ciyawa ce kawai da lambatu, motoci kuma ba sa rage gudu. Babban ɗana yana son hawa keke zuwa makaranta, na hana shi. Na ji ana cewa gwamnatin tarayya tana ba da tallafin gina irin waɗannan hanyoyi. Shin gaskiya ne? In haka ne, mu mazauna unguwa za mu iya nema da kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne kuɗin yana nan, kuma ba kaɗan ba ne. Amma ke da maƙwabtanki ba za ku cike takarda a turo muku shi ba. Hukuma ake bai wa, wato hukumar gari, ko ta gunduma, ko ta makarantu, a wasu shirye-shiryen har da ƙungiyoyi masu rajista da ba na neman riba ba. Aikinku shi ne ku sa hukumar garinku ta nema, kuma ku san dalilin da kan sa ta yi ta jan ƙafa.

Tsoron da kike yi yana da tushe. A shekarar 2022 mota ta kashe masu tafiya a ƙasa sama da 7,500 a Amurka, adadin da ba a ga irinsa ba tun farkon shekarun 1980, ga masu keke sama da 1,000. Galibin haɗarurrukan da dare suke faruwa, a kan manyan titunan cikin gari masu faɗi, irin waɗanda aka shimfiɗa ba a kawo a rai cewa wani zai bi su da ƙafa ba.

Asalin kuɗin daga asusun manyan hanyoyi na tarayya yake, wanda aka kafa a 1956, ake zuba masa harajin mai. Harajin fetur ɗin senti 18.4 ne a kan kowane galan, kuma tun 1993 ba a taɓa shi ba, shi ya sa majalisar dokokin tarayya kan yi wa asusun ciko daga babbar baitulmali. Shekaru da yawa galibin wannan kuɗi kwalta da gada ya sani. Sai a dokar sufuri ta 1991 aka ware wani kaso na dindindin da za a iya kashewa a kan hanyoyin ƙafa da na keke. A 2005 aka ƙara shiri na musamman don hanyoyin zuwa makaranta, a 2012 aka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, Transportation Alternatives, masu aikin na ce masa TA. Dokar ababen more rayuwa da Shugaba Biden ya sa wa hannu ran 15 ga Nuwamban 2021 ta ɗaga kuɗin TA daga dala miliyan 850 a shekara zuwa wajen dala biliyan 1.4.

Wannan TA ɗin shi ne ƙofar da ta fi dacewa da matsalarki, don haka bari in daɗe a kansa. Ba a zuwa Washington nemansa. Kowace shekara ana raba wa jihohi kasonsu bisa lissafi, sannan dole jiha ta rarraba kashi 59 cikin ɗari gwargwadon yawan jama'ar yankunanta. A yankin birni mai mutum sama da 200,000, hukumar tsara sufuri ta yankin ce ke zaɓen ayyukan da za a ba kuɗi, ba jiha ba. A wajenku sunanta MORPC, a Columbus take. Idan garinku yana cikin iyakarta, can za a kai buƙata. Idan yana waje, sai ma'aikatar sufuri ta jihar Ohio. Ana buɗe gasa lokaci zuwa lokaci, garuruwa su shigar da ayyukansu, a ba su maki, a ɗauki na sama. Aiki irin naki, wanda ke kusa da makaranta, yana da ƙarin gata, domin ayyukan da ke cikin kimanin mil 2 daga makaranta suna shiga ɓangaren hanyoyin 'yan makaranta, kuma dokar 2021 ta faɗaɗa shi har zuwa ajin ƙarshe na sakandare.

Akwai ƙofa ta biyu, wadda gari ke buga wa Washington kai tsaye ba tare da bi ta jiha ba. Babban shiri a nan shi ne SS4A, dala biliyan 5 cikin shekara biyar, an yi shi ne don rage mace-mace a kan titi, kuma jihohi ba sa cikin masu nema. Iri biyu ne: kuɗin tsara shiri da kuɗin gini. Ba a ba gari kuɗin gini sai yana da rubutaccen tsarin kare rayuka, wanda ya nuna inda ake yawan haɗari da abin da za a yi a kai. Sai kuma BUILD, wanda aka fara a 2009 da sunan TIGER, ya koma BUILD, ya koma RAISE, ya sake komawa BUILD, kowace gwamnati da sunan da take so. Wannan na manyan ayyuka ne. Da shi birnin Indianapolis ya samu dala miliyan 20.5 a 2010 don hanyar ƙafa da keke mai tsawon mil 8 da ta ratsa tsakiyar birnin, aka buɗe ta a 2013. Daɓen mil ɗaya a ƙaramin gari ba abin kaiwa can ba ne.

To me ya sa, da duk wannan kuɗi, har yau gefen titinku ciyawa ce? A nan gizo ke saƙar. Tallafin tarayya yawanci kashi 80 cikin ɗari yake ɗauka, gari ya kawo 20. A ce aikin zai ci dala 500,000, to sai garinku ya nemo 100,000 daga aljihunsa. Kuma ko kashi 80 ɗin ba a hannu ake miƙawa ba. Gari ne zai biya ɗan kwangila, ya tattara rasit, ya aika, sannan a mayar masa. Garin da bai da rarar kuɗi a asusu ba ya iya wannan jira. In kuma farashin siminti ya tashi tsakanin ranar da aka amince da ranar da aka fara aiki, ƙarin a wuyan gari yake, domin adadin tallafin ba ya motsi.

Ga kuma sharuɗɗan da ke biye da kowace dala ta tarayya. Dole a yi nazarin muhalli, ko da yake ƙananan ayyuka kan samu sassauci. Dole a bi dokar masu buƙata ta musamman ta 1990, wato kowace kusurwa a yi mata gangara yadda keken guragu zai hau ya sauka, faɗin daɓen da karkatarsa duk da ma'auni. Dole a biya leburori albashin da doka ta ƙayyade wa yankin, ƙarfen da za a yi amfani da shi kuma ya zama ƙirar Amurka. Abin da ya fi cin lokaci shi ne fili. Wannan lambatun da kika ambata ba ƙaramin abu ba ne. In za a yi daɓe a wurin, sai an binne bututun ruwa an rufe, wataƙila a matsar da turakun lantarki da akwatunan wasiƙa, a yanki ƙafa uku ko huɗu daga gaban gidan kowa. Kowane mai gida sai an kimanta filinsa an biya shi bisa ƙa'idar tarayya, kuma mutum ɗaya da ya ƙi sa hannu yana iya riƙe aikin watanni. Sau da yawa simintin da za a taka shi ne mafi arha a cikin lissafin, magudanar ruwa ce ke cinye kuɗin. Daga ranar da aka ce an ci gasa zuwa ranar da yaro zai taka daɓen, shekara uku zuwa biyar ba abin mamaki ba ne.

Shi ya sa injiniyoyin ƙananan garuruwa da yawa ke gudun kuɗin tarayya a ƙaramin aiki, kuma ni ina ganin suna da gaskiya. In giɓin da ke tsakaninku da makaranta ɗan gajere ne, a ce gaban gidaje biyar, ya fi sauri a matsa wa majalisar gari ta sa shi a kasafin gyaran tituna na shekara. In kuwa mil guda ne cur da lambatu da tsallaka babban titi, to ya kai a sha wahalar neman TA.

Abu na farko da za ki bincika, tun kafin maganar kuɗi, shi ne titin na wane ne. A Amurka titi ɗaya kan zama na gari a wannan ɓangare, na gunduma a wancan, na jiha a gaba. In yana da lambar hanyar jiha, wataƙila sai an nemi yardar jiha kafin garinku ya yi aiki a kansa. Kira ɗaya zuwa ofishin ayyuka na gari zai warware miki wannan. A kiran nan ki tambaya ko garin yana da tsarin hanyoyin ƙafa da keke, ko tsarin tafiyar 'yan makaranta, kuma ko titinku yana ciki. Masu ba da maki suna fifita aikin da ya riga ya shiga rubutaccen tsari, domin alama ce cewa ba jiya aka yi tunaninsa ba. In babu tsarin, to shi ne abin da za ku fara nema, kuma shi ya fi sauƙin samun kuɗi. Dokar 2021 ta ba jihohi damar kashe har kashi 5 cikin ɗari na TA wajen taimaka wa masu nema, don haka rashin ma'aikaci mai rubuta takardar neman tallafi bai zama uzuri ga gari kamar da ba.

Sai ku tara hujja. Ku tsaya da safe ku ƙirga yaran da ke bi ta ciyawar. Ku ɗauki hoton sawun da ƙafa ta fitar a gefen titi, domin masu tsara gari sun san ma'anarsa, ba ya buƙatar dogon bayani. Ku nemi bayanan haɗarin da aka yi a titin daga 'yan sanda ko hukumar yanki. Ku samu wasiƙa daga shugaban makaranta, musamman in makarantar tana ɗaukar yara a bas daga wuri kusa saboda hanyar ba ta biyuwa, don wannan kuɗi ne take kashewa kowace shekara. Bayan nan ku je zaman majalisar gari, inda ake ba kowa 'yan mintuna ya yi magana. Ba a tambayar takardar zama ɗan ƙasa a ƙofa. Mutum goma daga unguwa ɗaya da buƙata ɗaya sun fi dogon jawabin mutum ɗaya, kuma ku nemi kansila guda da zai riƙe maganar, domin a ƙarshe majalisar ce za ta zartar da ƙudurin alƙawarin kawo kashi 20 ɗin.

Wani abu da ya kamata ki sani don kada ya zo miki ba zata: a garuruwan Amurka da yawa, kula da daɓen da ke gaban gida a wuyan mai gidan yake, har da share dusar ƙanƙara da gyara in ya fashe. Saboda haka za ki iya tarar da maƙwabta, musamman tsofaffi, da ba sa son a yi shi sam. Gara ku zauna da su tun da wuri, da ku haɗu da su a gaban majalisa suna adawa.

Game da siyasa kuwa, ƙofofin biyu ba ɗaya suke ba. Tallafin da ake gasa a Washington yana bin ra'ayin gwamnati mai ci. A 2025 ma'aikatar sufuri ƙarƙashin Sean Duffy ta sake duba tallafin da aka riga aka sanar, ta kuma janye wasu da suka shafi layukan keke. TA kuwa rubuce yake a cikin doka da lissafin rabonsa, ba ya sauyawa da sauyin minista, sai dai in majalisar dokokin tarayya ta sauya dokar. Wa'adin kuɗin dokar 2021 shekara biyar ne, ƙarshensa 30 ga Satumban 2026, abin da ke biyo baya yana hannun majalisa. A 2012 an taɓa rage wannan kaso, a 2021 aka ƙara shi, don haka duk sabuwar doka sai an duba. Wannan ma dalili ne na kada gari ya dogara da Washington kaɗai. Masu zaɓe a yankin Columbus sun amince da ƙarin harajin saye na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a Nuwamban 2024 don shirin LinkUS, wanda ban da motocin bas ya ƙunshi daɓen gefen titi da hanyoyin keke. Ki tambaya ko garinku yana cikin yankin da shirin ya shafa.

Kafin duk wannan ya nuna, akwai abubuwan da gari zai iya yi cikin watanni da kuɗinsa: rage iyakar gudu a gaban makaranta, sa fitila mai walƙiya a wurin tsallakawa, ɗaukar mai tsallakar da yara safe da yamma, ko kafa sandunan roba su ware gefen titin. Ku nemi waɗannan a zaman farko, ku nemi tsarin a zama na biyu. Shi kuma yaron, in akwai ƙananan layuka ta bayan unguwa da za su kai shi makaranta ba tare da hawa babban titin ba, ki bi su tare da shi ranar Asabar ki gani da idonki kafin ki yanke hukunci.